Damen Gindin Gawo

Dakoro, ranar Lahadi

Zuwa ga Yayana Abdulhakim,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, kai da majinyatanka da ba su barinka ka ci abinci da zafinshi. Ya aiki, ya kaɗaici? Mu nan sai godiya. Zara na gaishe ka, ta ce in tuna maka dabinon da ka yi mata alkawari. Babanta ya kira daga Libiya, lafiya lau yake, komowa dai babu rana.

Na ba Samba direba wannan takarda don ƙauyen naku babu reson waya, kuma ko da akwai, ba magana ba ce da zan yi a tsakar gida maƙwabta na saurare ta kan darni.

An yanke hatsi, an kai rumbu, kuma na bi umarninka. Ka san tun muna yara in aka ɗaure damen farko, Kaka kan sa a kai shi gindin gawon bayan gida da magariba, gari ya waye a ga babu shi. Ranar sadakar arba'in ɗinta ka tsaya a zaure ka ce wannan shirka ce, ta ƙare da tsohuwa, ba a sake ba aljanu hatsinmu. To ban kai ba. Goggo Uwale ta yi ta aike daga Korahane, na ce kai mai gida ka hana.

Yaya, tun daga nan hankalina bai sake kwanciya ba. Na fita zubar da shara da safe, na tarar da sawun raƙumi ya zagaye gawon, ya sake zagayewa, kamar na mai neman abin da ya yar. A reshen da ya sunkuyo kuma an ɗaure wani ƙyalle shuɗi. Sai na tuna duk shekara bayan an ɗauke dami Kaka kan je wurin ita kaɗai, ta kwance wani abu ta soke a ƙugu, ba ta taɓa bari mun gani ba. Ban taɓa ƙyallen ba, yana nan yana lilo.

Jiya kuma sai akuya. Ja ce, mai kyau, hantsarta cike da nono, an ɗaure ta a darnin baya da ƙulli irin na masu kiwo. Kunnenta na hagu tsaga biyu, na dama an ɗebe gefe. Na bi maƙwabta gida gida, na kai cigiya wurin mai unguwa, babu wanda ya ce tashi ce. Na aika wa Goggo labari.

Na san dariya za ka yi mani, yi abinka. Amma ka san abin da ake faɗi a gidan nan tun kafin a haife mu: in aka hana masu gawo rabonsu, ɗan fari suke ɗauka. Ni ƴa ɗaya gare ni, kuma ina jin tsoro. Ka bar ni in kai damen nan, ko na bana kaɗai.

Ka huta lafiya.
Ƙanwarka, Raliya

*

Arewacin Tagriss, ranar Talata

Ƙanwata Raliya,

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ina gaishe ki, ina gaida uwata Zara. Takardarki ta iso, na karanta ta tsakanin allura da allura, kuma gaskiyarki, na yi dariya. Malama guda, mai koya wa ƴaƴan mutane lissafi a lakwal, akuya ta hana ta sakat!

Zauna ki yi tunani. Aljanin da ke hawan raƙumi, ya iya ƙullin igiya, ya mallaki ƙyalle, wannan aljanin tuwo yake ci. Wani makiyayi ne ya gano akwai gidan da ke aje hatsi a banza duk shekara, ya mai da shi gado. Bana ya zo ya tarar babu, shi ne yake zagaye. Yanzu lokacin gangarowarsu ne daga arewa, nan ma dispanser, ɗakin shan maganinmu, cike yake da su, kuma yawancinsu mutanen kirki ne. Akwai ma wani dattijo a cikinsu da ke kawo mani cuku duk shekara tun da aka turo ni nan, ya zauna, ya tambayi lafiyar gida ya tafi. Bana dai ban gan shi ba tukuna.

Kaka, Allah ya jiƙanta, ta riƙe mu bayan rasuwar iyayenmu, ba ni da abin biyanta. Amma son da nake mata ba zai sa in ci gaba da abin da Allah ya hana ba. Ban yarda a kai dami ba, ko zangarniya ɗaya. Akuyar kuma ki ba ta ruwa da ciyawa har mai ita ya ɓullo.

Abin tsoron gaske shi ne sauro. Palu, zazzaɓin sauro, ya yi yawa bana, ni kaɗai ne infirmiye mai jinya a nan, ko masallaci da gudu nake zuwa. Ki tabbata Zara na kwana cikin gidan sauro.

Allah ya tsare ku. Wassalam.
Yayanki, Abdulhakim

*

Korahane

Daga Uwale zuwa ga ɗiyata Raliya. Balkisu matar ɗana ke rubutawa, na ce ta sa yadda na hwaɗi, kar ta gyara mani baki.

Ina gaishe ki, ina gaida yarinya. Ya gida, ya haƙurin rashi? Allah shi jiƙan Inna.

Saƙonki ya iske ni ina tankaɗe, rariya ta hwaɗi daga hannuna. Raliya, kunnen hagu tsaga biyu, na dama a ɗebe gehe, wagga shaidar Baba Abarci ce, kakanku. Ba wanda ka yanka kunnen dabba haka nan sai gidanmu, kuma dabbobin gidanmu sun ƙare tun shekarar babbar yunwa, ina goye. Ke gaya mani, ina akuya ta hito da shaidar garken da ya mutu tun ba a haihi ubanki ba?

Tun da yayanki ya zama malamin gida, bari in gaya maki abin da anka ɓoye maku. Ni ba ni ce ta hwarin Inna ba. Akwai namiji gabana, ana ce mai Ɗangoggo. Shekarar nan Baba ya tahi kudu neman abin da za mu ci, ya bar Inna da mu biyu da akuya guda da ta rage. Yaron bai wuce tsawon Zara ba. Inna ta ce ta bar shi gindin gawo riƙe da igiyar akuyar, ta shiga ɗaki ta duba ni, ta hito ba yaro ba akuya. Anka nema har anka gaji. Da Baba ya komo anka yi sadaka, ya ce duk wanda ya sake tada zancen bai yahe ba. Inna kuwa da ma uwa ba ta kiran sunan ɗan hwari, balle wanda iskoki sunka ɗauka. Abin da na sani gare shi ga maƙwabta na ji: ƙaramin yatsanshi na dama guntu ne, ya sa hannu cikin turmi Inna na daka, taɓarya ta datse shi. Sun ce kwana ta yi tana kuka, ta hi yaron.

Damen nan ina budurwa ta hwara kai shi. Ta ce mahwalki ta yi. Tun daga nan ba a sake ɗaukar kowa ba, ni na yi rai, ubanki ya yi rai, ku kun yi rai. Yanzu kun hana, sun maido akuyar da sunka tahi da ita. In mutum ya maido maka abinka, ai wani abu shika so.

Kar ki tatse ta, kar ta shiga gida, kar Zara ta taɓa ta. Ki kai damen. In Abdulhakim ya yi hushi ki ce ni na sa, shi zo shi iske ni, ni na yi ma uwarshi wankan jegonshi. Da ƙahwata na lahiya da yanzu ina nan.

Allah shi tsare. Sai mun gana.
Goggonki, Uwale

*

Asibitin gari, ranar Asabar

Yaya,

Salamu alaikum. Ka yafe mani gajeruwar gaisuwa, a kan gwiwata nake rubutu, Zara na kwance gabana an sa mata ƙarin ruwa.

Shekaranjiya da hantsi tana wasa da ƴaƴan maƙwabta ta ƙofar baya, sai ga ta ta shigo da cuku a hannu, ta gutsure rabi. Na ce, “Wa ya ba ki wanga?” Ta ce, “Mai raƙumi.” Na ce, “Mi ya ce maki?” Ta ce, “Ya taɓa kaina, ya ce tsohuwa tana ciki? Sai na gudo.”

Na fizge cukun na jefar, na fita babu ko ɗankwali. Na gan shi, Yaya. Yana tsaye can bayan gawo cikin karan da aka yanke, dogo, siriri, rawani ya rufe mashi fuska sai idanu. Bai gudu ba, bai matso ba, kallon ƙofarmu kawai yake. Da na juya na kira maƙwabta muka komo, babu shi, sai akuyar nan da ke ta kuka, don na bi maganar Goggo ban tatse ta ba.

Kafin la'asar jikin Zara ya yi zafi kamar garwashi. Goggo ta rubuto mani abin da ban taɓa ji ba: Kaka na da ɗan fari da ya ɓace a gindin gawon nan yana tsaran Zara, kuma shaidar kunnen akuyar ta Kaka Abarci ce. To ka haɗa da kanka. Wanda ke karɓar dami ya zo ya tambayi mai ba shi, ya ɗora hannu a kan ƴata, ta kwanta.

Ba zan ɓoye maka ba, na saɓa maka. Na shiga rumbu na jawo dami ni kaɗai, ina jan shi a ƙasa har ƙofar baya. Saura in buɗe in fitar sai na ji maƙwabciya na salati, Zara ta sanƙare, idanu sun juye. Na saki damen na ɗauke ta na yi asibiti da gudu. Yana can yashe a bakin ƙofa, daga ciki.

Likita ya ce palu ne mai tsanani. Na ji, na kuma yarda, amma zuciyata ba ta yarda ba. In wani abu ya sami yarinyar nan ban san da wane ido zan sake kallonka ba, kuma wannan ma yana ba ni tsoro. Ko ka zo, ko ka ce a kai.

Raliya

*

Arewacin Tagriss, ranar Lahadi

Raliya,

Wa alaikumus salam. Allah ya ba Zara lafiya, ya tashi kafaɗunta. Ki saurari likita, ki bar su su gama alluran ko ta fara jin sauƙi. Palu na yin haka, na ga yara da yawa sun sanƙare sun kuma tashi. Ina faɗa maki wannan ne, amma kar ki ɗauka dutse ne ni.

Na daina dariya. Ban canza magana a kan aljanu ba, amma na yi kuskure da na raina mutumin. Wanda ke laɓe a bayan gidan da babu namiji, yana jan yarinya da abin ci, yana tambayar wa ke ciki, ba hatsi yake nema ba. Kin san abin da ke faruwa a kudu, yadda ake ɗauke mutane. Akuyar da ƙyallen duk dabara ce, ya ji labarin gidanmu a gari yana tsorata ku da shi.

Ba ni da wanda zan bar wa dispanser, akwai yara a kwance nan ma. Amma na rubuta wa abokina Zakari, Samba zai kai mashi tare da wannan. Na ce ya tara samarin unguwa su yi gadin bayan gida, in mutumin ya sake ɓullowa su kama shi su miƙa wa jandarma. Na ce kar su tsaya jin ta bakinshi, kar su tausaya mashi. Ke dai ki zauna da ƴarki.

Allah ya isar mana.
Abdulhakim

*

Asibitin gari, ranar Laraba

Yaya Abdulhakim,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka. Zara ta tashi, ta sha kunu, har ta yi faɗa da ni a kan cokali. Na fara da wannan don ka samu abin riƙewa kafin ka karanta sauran. In kana tsaye ka zauna.

Sun kama shi jiya da la'asar. Bai laɓe ba. Ya zo har darnin baya ya durƙusa yana tatsar akuyar a ƙasa, a haka suka same shi. Zakari ya ce ya yi ƙoƙarin tare su, amma wani ya yi ihun ɓarawon yara, unguwa ta fito da sanduna. Kafin jandarma su ƙwace shi an riga an yi mashi illa. Suka kawo shi asibitin nan, ɗakin maza, katanga ɗaya ce tsakaninshi da Zara.

Jandarman ya ce in zo in duba ko shi ne na gani. Na tafi da fushina, har na shirya abin da zan faɗa mashi. An kwance rawanin don a ɗinke kanshi. Tsoho ne, Yaya, ba wani ƙato ba, haƙarƙarinshi a karye, yana numfashi da ƙyar. Na kalli goshin da hancin sai na gane su, irin na Kaka ne sak, shekara da shekaru ina shafa masu mai. Hannunshi na dama na kan bargo. Ƙaramin yatsan guntu ne. Goggo ta rubuta mani cewa ɗan da ya ɓace haka yatsanshi yake, taɓaryar Kaka ce ta datse shi.

Na durƙusa na ce, “Baba, mi sunanka?” Ya ce, “Agali.” Sannan ya ce, “Da can Ɗangoggo.”

Hausarshi a karye take, kuma yana yi yana hutawa, amma ga abin da na tsinta. Ba wanda ya ɗauke shi. Shekarar yunwa wasu makiyaya suka sauka kusa da gawo, suna da raƙuma masu nono. Kaka ta ga in ya zauna mutuwa zai yi, ta kama hannunshi ta sa a na matarsu, ta haɗa masu da akuyar. Da ta koma gida ta kasa cewa ta ba da ɗan mutum ubanshi ba ya nan, ta ce iskoki ne. Da ya zama saurayi ya biyo hanya ya gane gawon, ya same ta tana ɗibar itace. Ta gane yatsan. Ta ce mashi an yi sadakarshi, ubanshi ya yi rantsuwa, in ya shigo gida aurenta ya mutu, ƙannenshi sun shiga uku. Sai suka yi alkawari: ita ta aje dami duk girbi ya san tana da rai, shi ya ɗaura ƙyalle ta san yana da rai. Bayan Kaka Abarci ya rasu ma ba su canza ba. Ya ce kunya ta riga ta yi girma, ita tana jin ta gari, shi yana jin tata.

Na ce, “To akuyar hwa?” Ya ce, “Jikar jikar waccan ce. Ban taɓa sake shaida ba, ta gidanmu ce. Na ga ba dami, na ce ko Inna ba ta da lahiya, ta sha nono.” Ya ce ya yi ta jiran ta leƙo. Manya yana jin tsoronsu, shi ya sa ya tambayi yarinya. Da ya ga hantsar akuyar ta kumbura tana kuka, ya kasa haƙuri, ya ce, “Inna ba ta barin dabba da nono tana kuka.”

Damina duk yana can arewa da dabbobi, Yaya. Bai ji rasuwar Kaka ba. Ba wanda zai gaya mashi, tun da ba wanda ya san akwai shi.

Sai ya riƙe mani zane da hannun nan, ya ce, “Ke ɗiyar Tanimu ce, na san ki tun kina rarrahe. Gaya mani, tsohuwa tana lahiya?”

Ni da ake cewa bakina ya fi ni girma, na kasa. Na ce bari in duba yarinya, na fito na tsuguna a bayan ɗaki na yi kuka har wata mata ta ɗauka Zara ce ta cika. Da safen nan na kai mashi kunu, ya sake tambaya, na ce ya sha tukuna. Likita ya ce jini na taruwa a ƙirjinshi, ba a san yadda za ta kaya ba, wataƙila a wuce da shi Maradi.

Ina jin haushinka, ina jin haushin kaina da na saki damen a bakin ƙofa, ina jin haushin Kaka da ta bar mu muna tsoron ɗanta. Na aika a ɗauko Goggo ko a amalanke ne. Zan koma wurinshi da azahar, kuma zai sake tambaya. Ka gaya mani abin da zan ce.

Ƙanwarka, Raliya

*

Tagriss, a tasha

Raliya,

Salam. Alhamdu lillahi da Zara.

Yatsan nan na san shi. Shi ne dattijon da ke kawo mani cuku. Duk zuwa sai ya ce, “Tsohuwarku tana lahiya?” in ce lafiya lau, ko kaina ban ɗagawa daga aiki.

Na samu wanda ya riƙe mani dispanser. Mai babur zai riga ni isowa da wannan, ni ina motar da ke bayanshi. Kar ki faɗa mashi, wannan nawa ne. Ki riƙe hannunshi, ki ce ɗan ƙanenshi na hanya.

Ki sa a tatse akuyar, a shigar da ita gida. A share zaure. Ko da ƙafarshi ko a kafaɗunmu, ta ƙofar gaba zai shiga.

Yayanki, Abdulhakim